Masaukin da Kaka Nomau Ya Sassaƙa a Kan Dutse

Ku da kuka san Kaka Nomau kun san ba ya shiga gida haka kawai. Zai yi sallama, a amsa, a ce ya shigo, shi kuwa yana nan tsugune a bakin ƙofa yana shafa gindin bango da tafin hannu. Sai ya gama dubansa tsaf sannan ya ɗago kai ya ce wa mai gida, "Ruwa na isowa nan?" Bai ko tambayi lafiyar iyali ba tukuna fa! Ya yi wa surukansa, ya yi wa limamin unguwarmu. Ranar da muka kai shi Birnin Kebbi a duba masa ido, a can saman bene, ya riƙe hannun rigar likita ya yi masa tambayar nan.

Likita ya ce, "Baba, nan ai bene ne."

Kaka ya ce, "Na gani, ɗana, idon bai mutu duka ba. Amsa man abin da na tambaye ka."

Don waɗanda ba su san ni ba, ni ce Kulu mai banda ta kasuwar Yelwa, jikar Inna Tumba. Ita ta goye ni. Kaka Nomau ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka ni matarsa ce ta wasa, kuma ya sake ni ya fi a ƙirga, yawanci a kan na hana shi kan kifi. An haife su a Gungun Dinya, wani tsibiri a tsakiyar kogi. Da aka yi madatsar Kainji ruwa ya taso ya shanye gungun kakaf, aka kwashe mutanen zuwa sababbin gidaje a bakin gaɓa. Lokacin shi yana saurayi. Ita kuwa tana matar aure, ba ta daɗe da binne 'yarta ta fari ba, kusa da kabarin mahaifiyarsu. Tun daga ranar da jirgin ruwa ya ɗauke ta daga gungun nan Inna Tumba ba ta sake duban wajen ba. In tafiya ta kama ta bi ta tafkin madatsar, mayafi take ja ta rufe fuska har a wuce.

Shi kuwa Kaka bai taɓa daina dubawa ba. Sana'arsa haɗa jirage a bakin ruwan Yelwa, kuma duk masuncin da ya shiga jirginsa ya san ba ya yoyo. Da girma ya zo ya bar wa yaransa wurin aiki, muka ce alhamdulillahi, tsoho zai huta ya riƙe carbi. Ina! Sai ya tara mu ya ce zai gina otal a kan wani dutse da ke ɓangaren Ngaski, dutsen da ko awaki sai sun yi shawara kafin su hau. Dagacin wurin ya ba shi a take, daga baya kuma ya aiko a ɓoye a tambaye mu ko lafiyarsa ƙalau.

Dalilinsa ɗaya ne, kuma bai ɓoye shi ba. Ya ce daga kan dutsen, in ruwan tafki ya ja baya a ƙarshen bazara, ana hango kan wani falalen dutse da ke ƙofar gidansu na dā, inda mahaifiyarsu ke shanya. Ya ce zai yi ɗaki a daidai wurin, ya hau da yayarsa, ta zauna ta duba gida ko sau ɗaya kafin ɗayansu ya mutu. Sauran ɗakunan na baƙi ne, su riƙe wurin. Da aka gaya wa Inna Tumba ko tsintsiyar hannunta ba ta ajiye ba. Ta ce, "Ku ce mai na gode. Nomau tun shina yaro kansa ba daidai yake ba."

To, sai gini. Ya ɗauko wani magini, Bawa, mutum mai haƙuri, Allah ya saka masa. Bawa ya zo da igiya da turaku zai fitar da kusurwa huɗu kamar yadda kowane ɗan Adam ke gini. Kaka ya bi turakun nan ya tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki gawayi ya zana abinsa a kan dutse: dogo, mai faɗi a tsakiya, mai tsini a gaba, tsinin yana kallon tafki.

Bawa ya ce, "Baba, wanga ai jirgi ne."

"To mi kake so in zana maka, raƙumi?"

"Ɗaki kusurwa huɗu gare shi, Baba. Ina za a aje gado a cikin tsini?"

"Kai dai ɗora dutse. Ka taɓa ganin abu mai kusurwa huɗu ya tsira cikin ruwa?"

"Wane ruwa, Baba? Nan shaho ke kwana!"

Kaka ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Haka munka ce a gungu."

Bawa ya ɗora dutse har zuwa ƙugu, daga nan Kaka ya karɓa da katako. Kuma kada ku ɗauka sabon katako ne. Kaka bai taɓa yarda ya jefar da abu ba. Duk mataccen jirgin da ke kife a bakin gaɓa daga Yelwa har Shanga sai da ya bi ya ɓaɓɓalle shi. Ƙusoshin ma tsofaffi ne, yana zaune yana miƙe su da guduma ɗaya-ɗaya, in ka taka wata ka lanƙwasa ta ranar ba ka da sauran mutunci. Shi ya sa har yau in hadari ya haɗo, iska ta yi sanyi, masaukin nan gaba ɗaya ƙarnin kifi yake. Wata amarya da angonta ya kawo ta hutawa ta yi ƙorafi, Kaka ya ce mata, "Ɗiyata, wanga ƙamshi da shi anka yi sadakin uwayenku."

Daɓen ɗakuna kuwa, nan ya zuba gwanintarsa duka. Ya jera katako, ya bi kowace tsaga ya cusa tsumma, ya narka kwalta ya like, ya sake likewa har kan bango. Dokin ƙofa ya ɗaga shi ya kai gwiwa, wai kada ruwa ya shigo. Wallahi babu baƙon da ya kwana a masaukin nan bai bar fatar ƙaurinsa a dokin ƙofar ba. Ni kaina ina da tabo biyu. A kowane ɗaki kuma ya rataye ƙoƙo a ƙusa, irin wanda ake kwalfe ruwa da shi a jirgi. Na ce, "Kaka, wannan fa?" Ya ce, "Ke dai bar shi nan."

Abin da kowa ya manta, har da Bawa, shi ne mutumin nan ya shekara hamsin yana haɗa jirgi, jirgin masunci kuma ba shi da rufi. Bai taɓa buga kwano ba a rayuwarsa, kuma ya rantse ba kafintan da zai hau masa gini. Shi ya buga abinsa, da tsofaffin ƙusoshinsa, a kwance shamal ba gangare.

Ruwan farko bayan an gama ginin ina can, na kai masa kifi. Akwai baƙi uku, ɗalibai masu nazarin kifi. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka kece da ruwa. Jama'a, rufin nan kamar rariya! Ruwa ya zubo ta sama, ya nemi hanyar fita ta ƙasa, ina hanya? Kaka ya like ko'ina. Ya nufi ƙofa, dokin ƙofa ya tare shi. Kafin a jima takalman ɗaliban nan suna yawo a tsakar ɗaki, tabarma ta taso, buta ta wuce ni tana juyi. A duk ƙasar Yauri ranar babu gidan da ambaliya ta ci sai wanda ke kan dutse.

Ɗaliban suka fito suna salati. Kaka na tsaye cikin ruwa har idon sawu, ya naɗe wando, fuskar nan tasa fal murna. Ya ce, "Ku dubi nan! Ku duba da kyau! Ko ɗigo bai fita ta ƙasa ba!" Sannan ya zaro ƙoƙo daga ƙusa ya miƙa mini. "Uwargida, ɗazu kina tambaya. Ga amfaninsa."

Mun kwalfe ruwa har magariba. Daga baya ya bari Bawa ya kawo kafinta, amma da sharaɗin a ce wa mutane taimaka masa aka yi.

Daga nan sunan wurin ya bi gari. Shi ya sa masa Masaukin Gungu, don ya ce kalmar otal ba ta da kunya. Mutane kuwa suka ce jirgin Annabi Nuhu ya sauka a Ngaski. In ya ji sai ya ɓata rai ya ce, "Ku bar Annabin Allah ya huta. Shi umurni anka ba shi. Ni ba wanda ya aike ni."

Duk ranar Juma'a yakan sauko, ya hau kabu-kabu zuwa Yelwa, in an sauko masallaci ya zarce ɗakin Inna Tumba. Ta zuba masa tuwon shinkafa, ya cinye, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, sannan ya fara.

"Yaya, ɗakinki na nan an share."

"A sake sharewa."

"Na sa maki katifa sabuwa."

"Kai da sabon abu? Wa ya mutu ya bar ta?"

"Yaya, ruwa ya fara ja. Kan dutsen Innarmu ya fito kamar bayan kunkuru."

Nan sai ta ɗauki kwanon ta fita. Shi kuma ya zauna yana kallon ƙofa. In na tsokane shi na ce yau ma an kayar da angona, sai ya ce, "Wata Juma'ar na zuwa." Mun yi ta dariyar abin shekara da shekaru, amma ni dai akwai ranar da na ga yadda yake neman takalminsa a bakin ƙofa, yana lalube kamar bai san inda ya ajiye su ba, tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa wasa.

Sai maganar tagogi. Duk tagar da ke masaukin nan yamma take kallo, wajen tafki, kuma ba tafkin duka ba, wuri guda. Ɗakunan da ke gefe ma sai da ya karkata tagoginsu suka koma can. Bangon gabas kuwa ko hudar da ɓera zai leƙa babu. Alhali ta gabas ɗin nan ne iska ke zuwa, ta nan ake hango gonakin gero da shanun Fulani suna gangarowa, abin sha'awa. Da rana ta karkata sai ta shigo ɗakunan nan kai tsaye ta zauna. Ni mai banda ce, na san zafi, amma ɗakin Kaka da la'asar ya fi ƙarfina.

Wani malamin makaranta da ya sauka can ya same shi da lalama. Ya ce, "Baba, wuri ya yi kyau. Da dai za a buɗe taga ɗaya ta gabas, iska ta ratsa."

Kaka ya ce, "Mi za ka gani a gabas?"

"Gonaki, Baba. Shanu. Kuma ai can ne alƙibla."

"Alƙibla ba ta son taga, malam. In za ka yi salla ka ba tagata baya, Allah na ganinka ta cikin katako. In ka sallame ka juyo ka dubi garinmu."

Malam ya leƙa ya ce, "Baba, ni ruwa kawai nake gani."

"To ka gani ke nan. Da can ba ruwa ba ne."

Malamin nan ya ƙara kwana biyu a kan abin da ya yi niyya, yana zufa yana sauraron labarin gungu. Haka Kaka yake yi wa baƙi. Sai ya zaunar da mutum a bakin taga ya bi masa gari gida-gida, a kan ruwa fetal: nan masallaci, nan maƙera, nan inda ake ɗaure jirage, nan gidan wata tsohuwa mai faɗa da ta taɓa jifansa da muciya.

Wani abin kuma, mutumin da ya gudu daga ruwa ya gudu da gaske, don a kan dutsen nan babu ko ɗigo. Rijiya tana can ƙasa. Mota ba ta hawa, kabu-kabu ma a gindin dutse yake sauke mutum ya juya. Kaka ya sayi jaki, jakin ya hau sau ɗaya, ya sauko, bai sake yarda ba har ya mutu. Saboda haka aka kafa doka: duk mai hawa, baƙo ne ko ɗan gida, zai ɗauki jarka ɗaya a bakin rijiya ya hau da ita. Babu babba babu yaro.

Ranar nan ga wani Alhaji ɗan kwangila, da babbar riga ta sha aiki, da direba, da mai riƙe masa jaka. Ya ji labarin wurin yana so ya gani, wai ko zai sa hannu a gyara shi ya zama na zamani. Kaka na zaune bakin rijiya. Suka gaisa, ya miƙa masa jarka.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ba yaro ya ɗauka."

"Yaro na da tashi. Wagga taka ce."

"Baba, ka san ko ni wane ne?"

"Kana alwala?"

"Ina yi mana!"

"To da ruwan wa?"

Alhaji ya hau da jarka. Ina bayansa da kwandon kifi a kai, ina jin numfashinsa kamar ana zuga wuta a maƙera. Amma da ya kai sama, ya tsallake dokin ƙofa da ƙyar, ya ga tafki shimfiɗe har ƙarshen gani, rana na faɗawa ciki, jiragen masunta sun yi ƙanana, sai ya ajiye jarka ya tsaya yana kallo. Gaskiya wurin yana da kyau, wannan ko maƙiyin Kaka bai musa ba. Alhaji ya zagaya, ya kai ɗakin da ke cikin tsini, ya ga gado a gyare, ga sabuwar tabarma, ga buta, ga taga babba ta fi sauran. Ya ce nan zai kwana.

Kaka ya ce, "Da mai shi."

"Ina yake?"

"Tana Yelwa."

"Yaushe za ta zo?"

"Ba ta ce ba."

"To tun yaushe ta kama ɗakin?"

"Ba ta kama ba. Cewa ta yi ba ta zuwa."

Alhaji ya dube ni, ni kuwa na dubi kifina. Ya yi magiya, ya yi alkawarin hanya mai kwalta har ƙofa, da famfo, da injin wuta. Kaka ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ɗakin kusa da madafa babu kowa. A nan Alhaji ya kwana, kuma da zai tafi bai sake ta da maganar gyara ba. Na yi wa Kaka faɗa ranar, faɗa na gaske, na ce ga famfo ya zo har gida ka kore shi, mu ne dai masu ciwon wuya. Ya ce in na gaji in kama hanya, ya sake ni.

Bara da bazara ƙafafunsa suka kumbura. Juma'a ta zo bai sauko ba. Inna Tumba ta zuba tuwo ta rufe, har ya huce. Wata Juma'ar ma haka. Sai na ga ta fito da kujerarta ta ajiye inda take hango bakin titi. Na hau na same shi a kwance, ya rame, muryar ta dushe. Na ce ya zo mu tafi asibiti. Ya ce ba inda za shi, ruwa ya ja baya sosai bana, in ya sauka yanzu wa zai nuna wa Yaya? Na sauko na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce, "Inna, ƙanenki ba zai ga wata bazarar ba. In za ki je, yanzu ne."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Da waɗanne gwiwoyi? Ni ɗiyar gungu ce. Inda jirgi bai zuwa, ba ni zuwa."

Ita a ganinta ta rufe magana. Na koma na faɗa masa kamar yadda ta faɗa. Mutumin da ko zama ba ya iya yi sai ga shi ya tashi zaune. Ya ce, "Haka ta ce? Da bakinta? Kira man yarana."

Yaran nan nasa yanzu duk magidanta ne, wasu da furfura. Washegari da hantsi muka iso gindin dutse a mota da Inna Tumba, wai ta yarda ta zo ta tsaya a ƙasa a gaya masa ta zo. Sai ga ƙaramin jirgi a bakin rijiya, an shimfiɗa darduma a ciki har da matashi, ƙarti takwas na tsaye a gefensa. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Inna, Baba ya ce jirgi ya iso."

Ta dubi jirgi, ta dubi dutse, ta dube ni. Ta ce, "Ɗan banzan yaro." Sannan ta tattare zane ta shiga.

Jama'a, wanda bai ga hawan nan ba an yi ba shi! Jirgi a kafaɗar mutane yana hawa dutse, tsohuwa a ciki ta riƙe gefe da hannu ɗaya, ɗayan hannun da sandarta tana ba da umurni. "Ku yi dama! Kai mai jar hula, kana nutsar da mu! Wa ya koya maku tuƙi?" Mutanen ƙauyen suka fito, mata na guɗa, Fulani suka bar shanu suka zo kallo. Ba wanda ya ce ta ɗauki jarka.

A bakin ƙofa aka sauke ta. Aka ɗaga ta aka tsallakar da ita dokin ƙofa tana cewa wane mahaukaci ne ya yi wannan. Ta shaƙi iska ta ce wurin na warin kifi. Kaka na tsaye, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya dafa bango. Ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ta ce, "Dubi yadda ka koma. Ba ka cin abinci?"

Ya kai ta ɗakin cikin tsini, ya zaunar da ita a bakin gado, ya tura taga. Ni ina bakin ƙofa, ban san abin da za ta yi ba. Ta kai hannu ga mayafinta kamar za ta ja shi. Sai ta sauke hannun. Ta duba.

Ruwa ya ja baya ƙwarai, ga kan dutse baƙi ya fito a tsakiyar tafki, daidai tsakiyar tagar. Kaka ya nuna da yatsa. "Ga shi can, Yaya. Dutsen Inna."

Ta daɗe tana kallo, ta ƙanƙance ido. Sannan ta ce, "Nomau."

"Na'am, Yaya."

"Wancan dutsen gidan Sarkin Ruwa ne."

Kafin ya buɗe baki ta ci gaba.

"Namu ba shi da tsini. Kai kullum kana bakin jirage, ina ka san inda anka yi shanya? Namu na hagu, bayan wancan. Matsa." Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta zura kai ta taga har sai da na riƙe ƙugunta, ta leƙa can gefe inda bango ya tare. "Ga shi can. Mai faɗin nan, da tsuntsu a kai."

Wato shekara kusan ashirin mutumin nan ya auna gini guda, da tsininsa da tagoginsa duka, ya hana kowa iska, ya kori famfo, yana nuna wa baƙi dutsen maƙwabta.

Na ce yau Kaka zai mutu don baƙin ciki. Sai na ji wani sauti, na juya, ashe dariya yake. Ya zame ya zauna a ƙasa yana dariya yana tari, hawaye na zuba. "Yaya, da kin hau tun farko ai da ba a yi haka ba!"

"Da ka tambaye ni."

"Na tambaye ki kowace Juma'a!"

"Cewa kake in zo in gani. Ba ka taɓa cewa in zo in nuna maka ba."

Ya share ido ya ce a kawo masa zarto. Hannunsa bai iya ja ba, babban yaronsa ya karɓa. Inna Tumba na zaune tana nuni da sanda, a yi sama kaɗan, a yi hagu, har aka yanke wata 'yar taga a karkace a jikin bangon, mummuna, ba ta yi kama da sauran ba. Aka jawo gadon gabanta. Suka zauna su biyu kafaɗa da kafaɗa. Na ji tana cewa a hankali, "Daga dutsen in ka yi gabas kaɗan, nan Inna take. Aisa na gefenta, wajen ƙafafu. Na sa mata fasasshen tulu don in gane wurin." Ban taɓa jin ta ambaci sunan 'yar tata ta fari ba sai ranar. Na ja musu ƙofa na fita, na zauna a kan dutse na yi kukana.

Ba ta sauko ba. Ita ta yi jinyarsa, tana dama masa kunu tana yi masa faɗa, har ruwan tafki ya dawo ya rufe duwatsun biyu. Cikin daminar nan ya cika, da rana tsaka, kansa a kan cinyarta. Da muka ce ta zo mu koma Yelwa, sai ta ce ruwa zai sake ja baya in Allah ya kai mu, kuma wani ya zauna ya nuna wa baƙi dutsen da yake daidai.

Allah ya jiƙan Kaka Nomau, ya yafe masa, ya sa ya huta. Allah ya jiƙan mahaifiyarsu da Aisa da duk waɗanda ke kwance a ƙarƙashin tafkin nan, ya sada shi da su a inda ba a sake tayar da kowa. Ita kuma Inna Tumba, Allah ya ƙara mata lafiya, ya nuna mata bazara mai zuwa. Amin.